Yadda Ake Aske Wuya Ba Tare Da Ƙurajen Aski Ba

Gashi mai murɗiya, in an yanke shi ƙasa da fata, lanƙwasowa yake yi ya soki fatar, wurin ya kumbura.

1. Bar gemu kwana 2, ka shafa da yatsa ka gane inda gashin ya kwanta. A ƙasan maƙogwaro sau da yawa sama yake kallo ko gefe.

2. Ɗora tawul mai ruwan ɗumi minti 3 zuwa 5, sannan ka shafa kumfa sosai. Askin busasshen wuya shi ne babban ganganci.

3. Yi amfani da reza mai kaifi, mai baki ɗaya. Canja ta bayan aski 5 zuwa 7.

4. Bi kwanciyar gashin, kada ka danna, kada ka ja fata don neman santsi: da ka sake ta, gashin zai nutse ciki. Wuce wuri sau ɗaya, kana ɗauraye rezar.

5. Wanke da ruwan sanyi, ka shafa man kaɗanya kaɗan. Turare da sifirit busar da fata suke.

Idan ƙuraje sun riga sun fito, dakata da reza mako 4, ka rage da injin aski, ka bar milimita 1. In suna ruwa ko tabo na tasowa, ka ga likita.