Yadda za ka ga aikin Allah a cikin ɗan'uwanka, ka kuma faɗa masa

Na daɗe ina jagorantar ƙungiyar addu'a a ikilisiyarmu kafin in gane cewa idona ya fi saurin hango laifi. Wanda ya makara na sani, wanda ya daina zuwa na sani, amma wanda Allah yake gyarawa sannu a hankali sai in wuce shi ban lura ba. A wurin Barnaba na koyi wani kallo dabam. Da ikilisiyar Urushalima ta aike shi Antakiya wurin sababbin masu bi, Ayyukan Manzanni 11:23 ta nuna cewa ya ga alherin Allah, ya yi murna, ya ƙarfafa su. Sababbin tuba ba sa rasa abin gyara, amma alherin ya fara gani.

Ka fara da addu'a, kana kiran sunan mutumin. Da wuya ka yi mako biyu kana roƙa wa mutum alheri ba ka soma ganin wani abu mai kyau a tare da shi ba.

Sannan ka san abin da kake nema. Murya mai daɗi da iya magana baiwa ce, mun gode Allah. Amma Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai, kuma waɗannan ba sa hayaniya. Kada ka auna mutum da wani. Ka auna shi da yadda yake bara.

Akwai wani saurayi a ƙungiyarmu mai zafin rai, magana ɗaya ta isa ya tashi ya buga ƙofa. Wata rana a taro wani ya yaɓa masa magana a gaban kowa. Ina kusa da shi. Na ga ya damƙe gefen benci har jijiyoyin hannunsa suka tashi, ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Da aka tashi, shi ya tsaya taya mutumin nan kwashe kujeru. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Ɗana, na ga abin da ya faru. Da bara ne, da tuni ka fita. Wannan haƙurin aikin Ruhu Mai Tsarki ne a cikinka." Idonsa ya ciko da hawaye, ya ce, "Baba, ni na ɗauka ban canja ko kaɗan ba."

Shi ya sa yin shiru bai isa ba. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, sai an faɗa masa.

In za ka faɗa, ambaci ainihin abin da ka gani, da ranar da ka gan shi. "Kai mutumin kirki ne" ba ta daɗewa a kunne. Ka kuma mai da godiyar ga Allah, nan ne bambancinsa da daɗin baki. Ikilisiyar Koranti cike take da rarrabuwa, har suna kai juna kotu, duk da haka a 1 Korantiyawa 1:4 Bulus ya fara da gode wa Allah saboda alherin da aka ba su cikin Almasihu Yesu. Kada ka ɗaura wa maganarka "amma". Gyara yana da ranarsa. Kada ka faɗi abin da ba ka gani ba, kuma ina roƙonka, kada ka ce "Allah ya gaya mini" alhali idonka ne ya gani.

Inda abin ya fi wuya shi ne a kan wanda ya taɓa faɗuwa. Sa'ad da Shawulu, wato Bulus, wanda a dā yake tsananta wa ikilisiya, ya zo Urushalima bayan ya tuba, almajirai duk suna tsoronsa. Barnaba ne ya kai shi gaban manzanni ya ba da shaidar yadda ya yi wa'azi gabagaɗi a Dimashƙu. Daga baya Barnaba ya tsaya wa Yahaya Markus, wanda ya rabu da shi da Bulus a Bamfiliya suna cikin tafiyar wa'azi, har shi da Bulus suka raba hanya a kan batun. Bulus ɗin nan ne, a 2 Timoti 4:11, ya ce wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima. In akwai irin wannan mutum a ikilisiyarku, bayan ka faɗa masa a keɓe, ka faɗi alherin da ka gani a gaban waɗanda har yanzu suke tuna tsohon laifinsa.