Yadda mai mota zai shirya takardunsa kafin jami'in hanya ya tsayar da shi

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin direba da jami'in hanya a cikin gari tana samo asali ne tun daga gida, domin takardar da wa'adinta ya ƙare ba ta gyaruwa a bakin titi, komai iya bakin mutum. Saboda haka aikin farko shi ne mai mota ya baje takardunsa gaba ɗaya ya duba ranar ƙarewar kowace. A mafi yawan ƙasashe ana neman lasisin tuƙi, da takardar rajista, da shaidar biyan harajin mota, da inshora, da takardar da ke tabbatar da lafiyar motar. Da wuya su ƙare rana ɗaya, don haka yana da kyau a rubuta ranakun a waya, a sa ta tunatar da mutum tun saura wata guda.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, a ganina, shi ne lambar shasi, wato lambar da kamfani ya ba motar don bambanta ta da kowace mota. Tun daga 1981 aka daidaita ta zuwa haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Galibi ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofarsa. Sai a ɗauko takardar rajista da ta inshora, a bi lambar ɗaya bayan ɗaya da yatsa, domin kuskuren alƙalami guda ya isa ya sa jami'i ya yi zargin motar ta sata ce, ko kamfanin inshora ya ƙi biya ranar da aka yi haɗari. Wanda ya sayi mota ta hannu kuwa, wajibi ne ya mayar da rajistar sunansa ba tare da jinkiri ba, in ba haka ba duk tara da takardar gargaɗi za su ci gaba da zuwa wa tsohon mai ita.

Harajin mota ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, inda wasu ke lissafa shi bisa girman inji, wasu bisa nauyi ko shekarun motar ko yawan hayaƙin da take fitarwa. Ko yaya tsarin yake, a biya a ofishin hukuma ko shafinta na intanet, a karɓi rasit a adana. Ban ga hikimar miƙa kuɗi ga dillalin da ke alƙawarin gamawa cikin sauri ba, domin ta hannun irinsu ne takardun bogi suke yaɗuwa. A kuma sani cewa ƙaramar inshorar da doka ta wajabta tana biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani ne, ba ta gyara tasa motar.

Jami'i yana duba motar kanta ma. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A Tarayyar Turai doka ba ta yarda zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa. Fitilar birki kuwa direba ba ya iya ganinta daga mazauninsa, sai ya sa wani ya tsaya a baya yayin da yake taka birkin.

Idan aka ɗaga wa mutum hannu, ya kunna sigina, ya gangara gefe inda ba zai tare hanya ba, ya sauke gilashi, ya gaisa cikin ladabi, sannan ya tambayi laifin da ake zarginsa da shi. Idan an ci shi tara, ya nemi takardar da ke ɗauke da laifin da adadin kuɗin da wurin biya, kada ya bayar da na goro, domin cin hanci laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Wanda yake ganin an zalunce shi ya rubuta lokaci da wuri da lambar jami'in, ya kai ƙorafinsa ofishin hukumar ko kotu cikin wa'adin da aka ƙayyade. Wanda kuma ya amince da laifinsa, sai ya biya da wuri, domin a wurare da dama tarar tana ƙaruwa idan aka makara, har ta hana sabunta takardun mota.