Yadda ake buga takarda a ɗakin kwamfuta na jami'a inda ake biyan kowane shafi

Ɗalibin da ya saba kai filash shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta, a buga masa, a ƙirga shafuka ya biya, yakan ɗan rikice ranar da ya fara shiga ɗakin kwamfuta a jami'o'in Amurka, Ingila ko Ostareliya. A can babu mai shago. Manhaja ce irin su PaperCut ko Pharos take riƙe da lissafin, tana cire kuɗin kowane shafi daga asusun ɗalibi.

Da farko ka shiga kwamfutar ɗakin da sunan asusunka na jami'a da kalmar sirri, ka duba nawa ya rage a asusun bugu. Wasu jami'o'in suna ba da ɗan kaso kyauta a farkon zangon karatu, idan ya ƙare kuma sai a ƙara kuɗi da katin banki ta shafin intanet na jami'ar.

Daga nan ka buɗe takardarka. Ya fi dacewa ka mayar da ita PDF tun a gida, domin takardar Word takan sauya tsari idan ta koma wata kwamfutar, har shafi 12 ya zama 13. Ka danna Ctrl da P tare, sannan ka dakata, domin a wannan akwatin zaɓi ne kuɗi yake zurarewa. Ka zaɓi firintar baƙi da fari muddin malami bai nemi mai launi ba, saboda farashin mai launi ya ninka na baƙi da fari sau da yawa, kuma ɗan tambarin jami'a da ke saman shafi ya isa ya sa manhajar ta lissafa shi a matsayin mai launi. Ka zaɓi bugun gaba da baya, ka rubuta lambobin shafukan da kake buƙata kawai. Ga masu buga darasin PowerPoint, a jera allo (slide) shida a shafi ɗaya: darasi mai allo 60 zai koma shafi 10, wato falle 5 idan an buga gaba da baya, kuma har yanzu yana karantuwa. Girman takarda ma abin lura ne, domin A4 da muka saba da ita milimita 210 ce da 297, alhali a Amurka ana amfani da Letter mai inci 8.5 da 11, kuma saɓanin nan yakan sa firinta ta tsaya cak ko ta yanke gefen rubutu.

Abin da sababbin ɗalibai suka fi kuskurewa shi ne, aikawa daga kwamfuta zuwa firinta ba ita ce bugawa ba. Aikin yana tsayawa ne a layi har sai ka je gaban firintar, ka ɗora katin shaidarka a kan na'urar karanta kati, jerin ayyukanka ya bayyana a ɗan allon tare da farashin kowanne. A yawancin wurare sai ka saki aikin, wato ka ba firintar umarnin buga shi, ake cire kuɗi, don haka wanda ya danna aikawa sau uku saboda bai ga takarda ta fito ba zai tarar da ayyuka uku suna jiransa. Ka goge biyu, ka saki ɗaya, ka guji maɓallin da ke sakin duka. Aikin da aka bari ba a sake shi ba yakan goge da kansa bayan wani lokaci da jami'ar ta ƙayyade.

Idan takarda ta maƙale ko tawada ta yi ƙasa har bugun ya fito dishi-dishi, kada ka fizge takardar da ƙarfi. Ka kira ma'aikacin ɗakin, ka riƙe shafukan da suka lalace, sannan ka nemi a mayar maka da kuɗinka ta cikin tarihin ayyukanka a manhajar. Kafin ka tashi, ka ƙirga shafukanka, ka fita daga asusunka a firintar da kwamfutar duka, domin wanda ya zauna bayanka zai iya buga aikinsa da kuɗinka.