Yadda ake gane fadar sarki a ƙarƙashin ƙasa, daga Rum zuwa kufan Maradi

Rumawa na cewa sarakuna bakwai suka mulki birninsu, daga 753 zuwa 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babu fadar ko ɗayansu da ta rage a tsaye. Tono ne ya fito da abin da aka sani, kuma hanyar da aka bi can tana aiki a nan, ko a kwarin Gulbin Maradi inda ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari, ko a kewayen Tibiri.

Kafin diga ta taɓa ƙasa, a nemi izinin hukuma da na mai gona, a kuma tuntuɓi masanan IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Jami'ar Yamai. Tono babu izini sata ne, kuma abin da ɓarayin kayan tarihi suka yi wa tsoffin makabartun Bura, a yammacin Nijar, ya isa gargaɗi. Da rani ake aikin. A kafa turaku, a ja igiya, a yanka fili mita 2 a kan mita 2 don gwaji. In ramin ya kai zurfin ƙirji a ƙasar rairayi, a yi masa matakala, don gefensa kan rufta.

Shimfiɗa-shimfiɗa ake cire ƙasa, da cokalin magini da burushi. Duk inda launi ko tauri ya sauya, sabuwar shimfiɗa ce: a ba ta lamba, a zana, a ɗau hoto, a tankaɗe ƙasarta da rariya. Da wannan haƙurin Frank Brown, wani masanin tono Ba'amurke, ya tone Rejiya, ginin da ke dandalin Rum kusa da ɗakin bautar allahiyarsu Besta, daga 1964. Can ƙasa ya tarar da gurbin bukkoki. A kansu aka ɗora gini mai harsashin dutse wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka yi ta rushe shi ana sakewa har kusan sau biyar. Da an zuba shebur an haɗe shimfiɗun, da gini ɗaya za a ce an gani.

Ramin dirka shi ya fi ba sabon hannu wahala. A tudun Falatin na cikin Rum, inda aka yi tono a 1948, an yi sa'a cikin dutse aka fafe ramukan, har aka auna wata bukka ta ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mai kusan mita 5 a kan 3 da rabi. A ƙasarmu baƙin tabo kawai dirka ke bari. A kankare wurin, a yayyafa ruwa, a duba da sassafe kafin rana ta busar da shi. Sannan a tone rabin tabon: ramin dirka miƙe yake, gindinsa a daidaice, na gara ko na gafiya kuwa karkacewa yake yi. Katangar laka ma haka, ta narke ta koma tudu, sai an jiƙa ta zanen tubali ke fitowa.

Wajen shekaru, abin da ya fi sabunta a cikin shimfiɗa shi ke magana: ba a yi ta kafin shi ba. Mutane na ɗauka awon gawayi, wato auna shekarunsa a ɗakin bincike, ya gama komai. A Rum bai gama ba, domin daga wajen 800 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) awon kan ba da amsa kusan iri ɗaya, kuma zamanin sarakunan ke nan cif. Tsingaron tukwanen Girka, da aka san salonsu zamani bayan zamani, shi ya fi taimako. Mu ma muna da wannan matsalar ga duk abin da ya biyo bayan 1650, Maradi kuwa a farkon ƙarni na 19 Katsinawa suka kafa sarautarta. Sai a dogara da lofen taba, da kuɗin wuri, da duwatsun ado, da kayan fatauci. In za a aika gawayi, ƙonannen gero ya fi icce, don icce kan girmi ginin da shekaru masu yawa.

Saura babbar tambaya: fada ce, ko gidan mai arziki? Shaida ɗaya ba ta isa ba. A Rejiya an samu tsakar gida, da ado na gasasshen yumɓu mai siffar namun daji, da guntun ƙoƙo da aka rubuta REX, wato sarki. Duk da haka ana gardama, don bayan korar sarakuna wani shugaban bauta ya ci gaba da riƙe wannan laƙabi, ginin ma ya yi wa sarki da iyalinsa kaɗan. A tsohon garin Gabi, kilomita 18 gabas da Rum, an tono gini mai ɗaki uku na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wanda aka kware rufinsa aka binne da duwatsu da gangan, abin da ba a yi wa gidan talaka. Amma da Andireya Karandini, masanin tono ɗan Italiya, ya sanar a 2005 cewa ya gano fadar sarakunan farko, masana da dama sun ce labarin gargajiya ne ya ja shi ya raɗa wa bango suna. A ganinmu suna da hujja. In dattawa sun ce nan ne zauren sarki, a rubuta maganarsu a shafi dabam da na abin da ƙasa ta nuna, sai an gama a gwada su.

Kowane tsingaro ya shiga leda mai lambar rami da ta shimfiɗa, a rubuce ciki da waje, don rana na goge tawada. In an kammala, a shimfiɗa buhuna a gindin ramin, a mayar da ƙasar kafin ruwan farko.