Yadda ake dasa bishiya ta kama, ba wai a ɗauki hoto a watse ba

Duk shekara da zarar damina ta faɗi sai ka ga hotuna sun cika Facebook, manya sun durƙusa kowa riƙe da ɗan dashe ana ta murmushi, an kafa allo an rubuta bishiya dubu kaza. To ka koma wurin bayan wata shida, sai 'yan sanduna busassu da leda tana kaɗawa. Kuma ko'ina haka ake fama, a Turkiyya ranar 11 ga Nuwamba 2019 an dasa bishiya miliyan 11 a yini ɗaya, ba a jima ba ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ƙasar ta fito ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun mutu don ba a dasa su a kan lokaci ba kuma ruwa bai samu ba, gwamnati dai ta musanta.

Kafin zamanin masana'antu iskar kabon da ke sama, wadda ke riƙe zafi a duniya, kusan kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, shekarar 2024 kuma ta karya tarihin zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Bishiya tana zuƙe wannan iskar ta mayar da ita itace, kusan rabin nauyin busasshen itace ma kabon ne. Amma kar in yaudare ka, bishiyarka guda ba za ta sauko da zafin duniya ba, wannan sai an rage ƙona fetur da gas da kwal, abin da ya tara ƙasashe a Paris a 2015 kenan. Abin da za ta yi maka kai shi ne inuwa, ta sanyaya iskar tsakar gida da danshin da ganyenta ke fitarwa, ta riƙe ƙasa kar ruwa ya zaizaye ta. Kuma duk wannan sai in ta rayu.

Da farko zaɓi wuri kafin ka zaɓi bishiya. Tsaya a wurin ka ɗaga kai, in akwai wayar wuta a sama to canza wuri. Ka duba ƙasa kuma, bututun ruwa, ramin bayan gida, tushen gini, saiwa ba ta jin kunyar siminti. Babbar bishiya ka ba ta kamar mita 5 ko fiye daga bango. In don zafin ɗaki kake yi to yamma da ginin ya fi, don ranar la'asar ce ke gasa bango har dare ya raba yana huci.

Sai iri. Ni shawarata kullum ka duba wace bishiya ce ke tsaye a yankinku ba mai ba ta ruwa kuma tana nan kore shar, ita za ka nema. Mutane na son mai saurin girma, sai a kwaso bishiyar turare a dasa gefen rijiya ko gona alhali ta iya shan ruwa kamar me. In a gona ne a ƙasa mai fari, irin su gawo sun fi, yana zubar da ganye da damina saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wurin sayen dashe kuma kar tsawo ya ruɗe ka, wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe ta zama kamar gammo, ɗan madaidaici mai kaurin jiki ya fi shi kamawa.

Lokacin dashe shi ne farkon damina bayan ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu sosai, ba ruwan farko da zai yi sau ɗaya ya ɗauke sati uku ba. Da yamma ko ranar da ake lumshi.

Yanzu rami, nan ne fa ake yawan kashe bishiya ba a sani ba. Mutum zai zage ya haƙa rami mai zurfi kamar zai gina rijiya ya zura dashen ya binne har wuya, yana ganin ya yi mata gata. A'a. Faɗi ake so, ninki biyu ko uku na faɗin ledar, zurfi kuwa daidai tsawon ƙasar da ke cikin ledar kawai. Wurin da jikin bishiyar ya haɗu da saiwa ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, in ka binne shi sai ya riƙa ruɓewa a hankali, bishiyar ta yi ta ciwo shekara biyu kana zargin iri. Ka yanka ledar ka cire ta gaba ɗaya, wallahi akwai masu dasawa da ledar, ka warware saiwar da ta nannaɗe da yatsa a hankali, ka mayar da ƙasar da ka haƙo ka danna da hannu ba da diddige ba. In za ka sa taki to wanda ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin dabba ƙona saiwa yake yi. Ka yi ɗan gurbi kewaye da ita kamar kwano ka zuba ruwa bokiti guda ya nutse.

Sai ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye kewaye da gindin don rana kar ta shanye danshin, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin bishiyar saboda gara da ruɓa. Shinge kuwa a ranar za ka yi, ba gobe ba, akuya ba ta san sauyin yanayi ba, minti biyar ya ishe ta.

Aikin gaskiya yana farawa ne bayan ruwa ya ɗauke. Ranin farko da na biyu su ne ke raba mai rai da matacciya. Yayyafa ɗan ruwa kullum ba ya amfani, saiwa sai ta tsaya a sama tana jira, gara ka ba ta bokiti ɗaya ko biyu lokaci guda sau biyu ko uku a sati, ruwan ya sauka ƙasa saiwa ta bi shi. Tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ƙyale ta. In ruwa na wahala a wurinku ka samu gorar roba ka huhhuda ƙasanta da allura ka binne gefen dashen bakinta a waje, kana cikawa tana tsatsa a hankali, tukunyar ƙasa marar fenti ma haka take yi. Ruwan wanke hannu da na ɗauraya duk ya yi matuƙar ba omo ko bilic a ciki. Shi ya sa nake cewa ka lissafa bokitin da za ka iya ɗauka a tsakiyar rani, shi zai faɗa maka guda nawa za ka dasa, in uku ne uku.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, wani lokacin ba ka ma buƙatar dashe. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya yi aiki da manoma a Nijar a shekarun 1980, bayan dashe ya yi ta mutuwa a hannunsa sai ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gona toho ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Da dabarar renon wannan tohon maimakon sassabe shi manoma suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. In kana da irin wannan kututturen, zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, ka aske ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsawo, ka kare shi daga dabba da gobara, duk bayan 'yan watanni ka dawo ka cire sabon tohon da ya fito.