Yadda Ake Fita Daga Rigimar Siyasa Ta Waya Ba Tare Da An Rasa Dangi Ba

A ƙauye irin namu, nan ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa, rigimar da aka fara a waya ba ta tsayawa a waya, domin mutumin da ka gaya wa baƙar magana a Facebook da daddare shi za ka tarar a sahu ɗaya da asuba, kuma wataƙila shanunsa na huɗa za ka je aro idan damina ta faɗi. Mutumin birni yana iya toshe abokin gardamarsa ya huta, amma kai babu yadda za ka yi ka toshe ƙanin mahaifiyarka.

Abu na farko shi ne ka san ƙofar da fitinar ta fi shigowa, kuma a wajenmu waƙa ce. Mutane kaɗan ne suke zama su rubuta dogon sharhi a kan gwamnati, amma kowa yana iya tura waƙar siyasa cikin zauren WhatsApp na 'yan gari da danna ɗaya. Waƙar siyasa kuwa tana farawa ne da yabo da kirari, sai an yi nisa, kiɗa ya ratsa mai sauraro, sannan mawaƙi ya sako habaici da zambo. Saboda haka kada ka tura waƙar da ba ka saurara har ƙarshe ba, ko da mai tura waƙoƙi a kasuwa ya rantse maka cewa babu wadda ta kai ta daɗi. Ka tuna kuma cewa mawaƙin sana'arsa yake yi, an biya shi, kuma sau da yawa wanda ya yi wa zambo bara shi yake wasawa bana.

Wannan ba sabon abu ba ne. Dattawanmu suna ba da labarin yadda waƙoƙin jam'iyyun NEPU da NPC suka raba gidaje a shekarun 1950, da yadda jam'iyyar PRP ta dare gida biyu bayan zaɓen 1979, 'yan santsi suna bin Gwamna Abubakar Rimi, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu Kano. Bambancin shi ne a wancan lokacin idan motar lasifika ta bar gari waƙar ta tafi da ita, yanzu kuwa tana nan zaune a wayar kowa, da sunanka a samanta.

Ni kaina na faɗa wannan rami. A watan Satumban 2023, ranar da kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano, zaurenmu ya kama da wuta, domin ko da yake an cire Jigawa daga Kano tun 1991, samarinmu can suke cin rani, siyasar Kano kuma kamar tamu ce. Na tura wata waƙa mai yi wa masu jar hula, wato magoya bayan gwamnan, shaguɓe, na ƙara da hoton dariya har uku, na manta sam cewa kawuna, wanda ya biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare da kuɗin riɗinsa, ba ya raba kansa da jar hula. Bai ce uffan ba. Abin da kawai na gani shi ne ɗan layin nan da ke nuna cewa ya fita daga zauren. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa gwamnan kujerarsa a ranar 12 ga Janairun 2024, shari'a ta ƙare, amma ni har lokacin gaisuwata daga nesa kawu yake amsawa.

Idan gardama ta riga ta ɓarke, kada ka mayar da martani da dare, musamman da saƙon murya, domin murya tana ɗaukar fushi fiye da rubutu, kuma ita aka fi yawo da ita daga waya zuwa waya har ta kai teburin mai shayi. Ka kashe ƙarar zauren, ka bari sai bayan sallar asuba. Idan kai ne mai kula da zauren, kana da ikon rufe shi ta yadda shugabanni kaɗai za su iya rubutu, kuma rufewar kwana ɗaya ta fi korar mutum, domin wanda aka kora zai ce don jam'iyyarsa aka yi masa. Duk labarin da ya zo da alamar an tura shi sau da yawa, ka yi aiki da umarnin da ke cikin Suratul Hujurat, ka bincika kafin ka yaɗa. Akwai kuma hukuma: Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, kuma a watan Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter game da matar shugaban ƙasa na lokacin, kafin daga baya a janye ƙarar.

Idan kuwa ka riga ka yi ɓarna, ka goge saƙon ga kowa tun WhatsApp yana ba ka dama, wato cikin kusan kwana biyu, amma kada ka ɗauka gogewa ita ce ban haƙuri, tunda wanda zai gani ya riga ya gani. Ka rubuta gajeriyar magana a zauren da ka yi laifin, sannan ka taka da ƙafarka. Kada ka ja lokaci kamar yadda na yi, alhali hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Idan wanda ka ɓata wa ya girme ka, ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, ya yi maka jagora, ka riƙe goro, ka zaɓi lokacin da babu jama'a a ƙofar gida. Kada ka ce "idan na ɓata muku rai", domin wannan "idan" ɗin tana mayar da laifin kan wanda aka yi wa, kuma kada ka kuskura ka fara bayanin wace jam'iyya ce ke da gaskiya.

Ni da liman muka je bayan sallar isha'i, na durƙusa a gefen tabarma na ce, "Kawu, na yi muku laifi a gaban jama'a, ku yafe mini." Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba, sannan ya ce ba waƙar ce ta dame shi ba, domin ya ji waɗanda suka fi ta tun zamanin santsi da taɓo, dariyar da na ƙara a ƙarƙashinta ce ta tsaya masa a rai. Ya ɓare goro ɗaya ya miƙa wa liman rabi, sannan ya zaro wayarsa daga aljihun gaba ya ba ni, ya ce in mayar da shi zauren, tunda a nan ake sanar da rasuwa da ranar rabon taki, shi kuma bai san yadda ake komawa ba.