Yadda za ka fara kai wa masu kanti kaya daga Singa har ka ɗauki matasa aiki

Abin da ke damuna kullum, mai kanti a Bichi sai ya rufe shago da sassafe ya hau mota zuwa kasuwar Singa a Kano saboda katan biyar na Indomie da buhun suga ɗaya, ya biya kuɗin mota ya biya ɗan dako, cinikin ranar kuma ya wuce shi. Toh aikin yana nan, kai ka kai masa har ƙofar shago.

Kafin ka sari ko da katan ɗaya ka fara da yawo. Ɗauki hanya ɗaya tak, ni dai hanyar Katsina zan ce maka saboda Dawanau tana kanta, ka ga wake da gero da masara a hanya za ka ɗora. Bi kantuna da littafi kana tambaya me ya fi fita, taliya ce ko magi ko man girki ko omo, sau nawa suke sari a sati. In ka samu kanti ashirin da suka san fuskarka sun isa.

Sai ka riƙe dila ɗaya a Singa, kana biyansa a kan lokaci shi da kansa zai fara sakar maka kaya. Mota ba dole ba ce yanzu, yi hayar a-kori-kura.

Ka lissafa mutanen da za su ci abinci a nan: direba, yara biyu masu lodi da saukewa, da wanda zai tattara oda ta WhatsApp tun dare, ita wannan ma ƙanwarka tana gida za ta iya. Ka biya su kamasho a kan kowane katan, a faɗa musu nawa ne tun farko.

Amma don Allah bashi, wallahi shi ke kashe wannan sana'a, mai kanti zai ce sai ya sayar, kai kuma dila yana jiranka, yara suna jiran na cefane. Wanda bai biya na baya ba kar a sauke masa sabo ko ɗan'uwanka ne, kuɗi kuma su shigo asusunka ta taransifa ko POS ranar da aka sauke. A duba kwanan lalacewar madara da taliya kafin lodi.

In hanyar ta kama, yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ba yaron da ya fi riƙon amana hanyar Gezawa ya ɗauki nasa yaran.